Harajin Sisin Kwabo: Tarihin Hanyoyin Birnin Finiks

Da aka ce in rubuto wani abu na tarihi, sai na ga ya dace in ɗauko tarihin abin da kowannenmu ke kuka da shi kullum safiya, watau hanya. Garuruwan da muke zaune suna ta faɗi, wuraren da muka sani gonaki ne a lokacin muna makaranta yanzu unguwanni ne, amma titin da za a bi a tafi aiki shi ne dai na da. Kowa ya yarda a yi hanya. Inda gizo ke saƙa shi ne, daga aljihun wa kuɗin zai fito? Akwai wani birni a ƙasar Amurka da ya shekara 40 yana amsa wannan tambaya da ƙuri'a, kuma labarinsa ne nake so in bayar.

Birnin shi ne Finiks, hedkwatar Jihar Arizona, a kudu maso yammacin Amurka. Cikin hamada yake. Ruwan saman shekara guda ba ya wuce inci 7 zuwa 8, zafi kuwa ya taɓa kai digiri 50 ranar 26 ga watan Yuni, 1990, saboda haka mutumin Sakkwato ko na Nguru ba zai yi baƙunta ba a can. Asalin garin noman rani ne. Wasu mutanen da, waɗanda masana ke kira Hohokam, sun haƙa magudanan ruwa daga wani kogi da ake kira Kogin Gishiri, suka yi ɗaruruwan shekaru suna noma, sa'an nan suka watse. Cikin 1867 wani mai suna Jack Swilling ya ga kufan magudanan nan, ya kafa kamfani ya yashe su, manoma suka taru. An sa wa garin sunan wani tsuntsu na tatsuniyar Girkawa wanda ke tashi daga cikin tokarsa, domin a kan kufai aka kafa shi. An gama madatsar ruwa ta Roosevelt cikin 1911, Arizona ta zama jiha cikin 1912, garin ya ci gaba da zamansa na auduga da lemo da harawa.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya tashe shi daga barci. Sojojin sama suka kafa sansanonin koyon tuƙin jirgi a kewayensa saboda sararin samaniyarsa ba ta cika yin hadari ba. Bayan yaƙi na'urar sanyaya ɗaki ta yi araha, kamfanin Motorola ya zo cikin 1949, tsofaffi masu fansho suka riƙa gudo sanyin arewa suna sayen gidaje. Ƙidayar 1950 ta sami mutum 106,818 a Finiks. Ta 1960 ta sami 439,170, ta 1980 kuwa 789,704. Gundumar da birnin yake ciki, Marikofa, wadda ta ɗara Jihar Kano faɗin ƙasa, ta tashi daga mutum dubu 330 da 'yan kai cikin 1950 zuwa miliyan ɗaya da rabi cikin 1980. A cikinta akwai garuruwa irin su Mesa da Tempe da Glendale da Scottsdale da Chandler, kowanne da magajin garinsa da majalisarsa da baitulmalinsa, amma gine-gine sun haɗe su har baƙo ba zai san inda wannan ya ƙare wancan ya fara ba.

Duk wannan jama'a da mota suke zirga-zirga. Garin ya taɓa mallakar taragon cikin gari tun daga 1887, amma gobara ta cinye ma'ajiyar taragon da galibin taragon cikin Oktoba 1947, aka rufe harkar a farkon 1948. Abin da ya rage shi ne titunan da safiyo suka shata tun zamanin gonaki, miƙaƙƙu, kowane mil guda akwai mararraba. Maganin da injiniyoyin zamanin suka sani shi ne babbar hanya irin wadda ba ta da mararraba ko danja, mai hannuwa da yawa, wadda ake hawa ana sauka ta gadojin sama kawai. Dokar da Shugaba Eisenhower ya sa wa hannu cikin 1956 ta ce gwamnatin tarayya za ta biya kashi 90 cikin 100 na kuɗin irin waɗannan hanyoyi in dai masu haɗa jiha da jiha ne, daga harajin man fetur. Finiks ta sami rabonta guda biyu, mai lamba 17 da ta yi arewa, da mai lamba 10 da ta ratsa ƙasar daga gabas zuwa yamma. Cikin 1960 wani kamfanin injiniyoyi mai suna Wilbur Smith ya zana wa yankin taswirar manyan hanyoyi da suka kewaye shi. Taswirar ta kwanta a cikin fayil shekara 25, abin da ba zai ba wani ma'aikacin gwamnati mamaki ba.

Dalili ɗaya shi ne rashin kuɗi, domin kason nan na tarayya bai haɗa da hanyoyin kewaya Finiks ba. Ɗaya dalilin kuwa, mutanen garin ne da kansu ba su so. Injiniyoyi sun zana yadda hanya mai lamba 10 za ta ratsa tsakiyar birni a sama, tsayin ƙafa 100, kamar bene mai hawa goma, da wasu murɗaɗɗun gadoji na hawa da sauka. Eugene Pulliam, mai jaridun Arizona Republic da Phoenix Gazette, ya ɗaura ɗamarar yaƙi da wannan zane, jaridunsa suka yi ta tsoratar da jama'a da hayaƙi da cunkoson Los Anjelis. Cikin Mayu 1973 aka jefa ƙuri'a, zanen ya faɗi. Sai da aka sake zane aka nutsar da hanyar ƙasa, aka rufe wani sashe nata aka dasa lambu a kai, kafin jama'a su yarda. An buɗe wannan sashe ranar 10 ga Agusta, 1990, kuma shi ne gutsuren ƙarshe da ya rage a dukan hanya mai lamba 10, tun daga Santa Monika a Kalifoniya har Jaksonbil a Fulorida. Lambun yana ɗauke da sunan Margaret Hance, mace ta farko da ta riƙe magajin garin Finiks.

To, a farkon shekarun 1980 abin ya kai intaha. Mutum miliyan ɗaya da rabi suna bin titunan gonaki, kowane mil a tsaya a danja. 'Yan kasuwa da masu gine-gine da magadan gari suka haɗa kai a kan lalle a yi hanya, suka shiga duba inda za a tatso kuɗi. Harajin gidaje da filaye ba ya taɓuwa, domin tun da mutanen Kalifoniya suka yi masa tawaye cikin 1978 guguwar ta bazu, Arizona ma ta yi masa iyaka cikin 1980. Harajin fetur kuwa a kan galan ake ɗora shi, ba a kan farashi ba, saboda haka tsadar kaya tana cin darajarsa, motoci kuma suna ta rage shan mai. Sai hankali ya koma kan harajin ciniki, wanda Arizona take karɓa tun 1933. Yadda yake shi ne, mai kanti yana ƙara wani kaso a kan kuɗin kaya lokacin biya, ya rubuta a rasit, ƙarshen wata ya kai wa hukuma. Ma'aikata da takardu da hanyar karɓa duk suna nan, ƙarin lamba kawai za a yi.

Majalisar jiha, a zamanin Gwamna Bruce Babbitt, ta ba Gundumar Marikofa izinin tambayar jama'arta. Abin da aka nema shi ne rabin santi a kan kowace dala. Santi shi ne kwabonsu, 100 ke yin dala, saboda haka da kakanninmu ne da sun ce sisin kwabo. Wanda ya sayi kayan dala 100 zai ƙara santi 50, wanda ya sayi motar dala 20,000 zai ƙara dala 100. Aka buga taswira aka nuna wa kowa, mil 231 na sababbin manyan hanyoyi, watau kilomita 370 da 'yan kai, ya fi nisan Kano zuwa Kaduna sau ɗaya da rabi. Aka rubuta a doka cewa harajin zai fara cikin Janairu 1986 ya mutu ƙarshen Disamba 2005, kuma kuɗin ba zai shiga babban baitulmali ba, asusu na dabam za a buɗe masa wanda ba a biyan albashi ko wata hidima daga ciki. Ƙungiyar gwamnatocin garuruwan gundumar, inda magadan gari ke zama tare tun 1967, ita ke tsara wace hanya za a fara, Ma'aikatar Sufuri ta jiha kuma ita ke ginawa. Ranar 8 ga Oktoba, 1985 aka jefa ƙuri'a a kan wannan ƙuduri mai lamba 300. Kashi 72 cikin 100 suka ce sun yarda.

Wannan adadi ya cancanci a tsaya a kansa. Mutanen Arizona sun yi suna wajen ƙin haraji, jihar Barry Goldwater ce, ɗan siyasar da ya yi rayuwarsa yana wa'azin a rage hannun gwamnati. Amma ga shi kusan uku cikin huɗu sun ɗora wa kansu haraji da hannunsu. Ni a ganina abin da ya ja su shi ne, kowa ya duba taswira ya ga layin da ya bi kusa da gidansa, ya kuma ga ranar da za a daina karɓa. Mu da muke aikin gwamnati mun san bambancin a ce wa mutum kawo kuɗi za a yi ayyukan raya ƙasa, da a ce masa kawo kuɗi za a yi kwalbati a bakin kasuwarku kafin damina.

Sai dai alkawarin bai cika yadda aka ɗauke shi ba, kuma nan ne tarihin ya fi daɗin nazari. Masu kiyasi sun ɗauka ciniki zai ci gaba da hauhawa yadda ya yi a shekarun baya, suka lissafa kusan dala biliyan 6 cikin shekara 20. Abin da ya shigo a ƙarshe bai kai biliyan 4 ba. Harajin ciniki bawan kasuwa ne, in ta cika ya cika, in ta watse ya watse. Kasuwar Finiks kuwa a kan gine-gine ta dogara, domin mai sabon gida shi ke sayen katako da kujeru da firji da mota. A ƙarshen shekarun 1980 kasuwar filaye ta faɗi, bankunan ajiya da lamuni da suka zuba kuɗi a ciki suka bi ta. Mafi shahara a cikinsu shi ne na Charles Keating, wanda hedkwatar kamfaninsa a Finiks take. Ya durƙushe cikin Afrilu 1989, ya bar wa gwamnatin tarayya asarar sama da dala biliyan 3.

A ɗaya gefen kuma kuɗin aiki ya yi tsalle. Taswirar nan da ta jawo ƙuri'a ita ce kuma ta nuna wa dillalan filaye inda za su yi kwanto. An fara biyan diyya a daidai lokacin da farashin fili yake ƙololuwa, kuma ba a kwatar fili a can sai an biya abin da ya taya a kasuwa, in mai shi bai gamsu ba ya tafi kotu. Unguwannin da hanya za ta ratsa suka nemi a nutsar da ita, a gina musu katangar tare ƙara, a ƙara gadoji. Mazauna Scottsdale da maƙwabtansu, al'ummar Pima da Marikofa ta Kogin Gishiri, 'yan asalin ƙasar masu ikon kansu a kan filayensu, sun daɗe ana ja-in-ja a kan inda titin zobe mai lamba 101 zai bi, sai cikin 1990 aka daidaita, jiha ta biya, mil 9 na titin ya bi ta ƙasarsu. Bugu da ƙari, don a yi sauri an ci bashi tun farko ta hanyar sayar da takardun lamuni, aka jinginar da harajin shekarun gaba. Da harajin ya gaza, biyan bashi ya riƙa lashe abin da za a yi sabon aiki da shi.

Cikin Nuwamba 1994 hukumomi suka koma wa jama'a da ƙoƙon bara, a tsawaita harajin a kuma ƙara wani rabin santin. Jama'a suka ƙi. Ba a yi musu laifi ba, shekara tara ke nan suna biya, abin da suka gani a ƙasa bai taka kara ya karya ba. Gwamna Fife Symington ya sa aka ɗauko almakashi. Aka soke hanyar Paradise da za ta ratsa tsakiyar gari, bayan an riga an sayi gidaje a kan layinta, aka jingine titin zobe na can yamma wanda yanzu ake kira 303, aka rage hannuwa da fitilu da shuke-shuke a sauran. A nan ne fa zan yaba musu. Ba a bar ayyuka 20 kowanne rabi da rabi ba, ga ramuka ga allon ɗan kwangila yana tsatsa. An fito fili an ce ga abin da kuɗin zai iya, ga abin da ba zai iya ba, aka kuma kafa kwamitin 'yan gari mai sa ido a kan asusun.

Sa'a ta biyo baya. Kasuwa ta farfaɗo a tsakiyar shekarun 1990, jama'ar gundumar suka tashi daga miliyan 2.1 cikin 1990 zuwa sama da miliyan 3 cikin 2000, kuma kowane baƙo da ya sauke kaya mai biyan sisin kwabo ne. Cikin 1999, zamanin Gwamna Jane Hull, aka yi dokar da ta ba da damar rance na ɗan lokaci, aka jawo ranar gamawa daga 2014 zuwa 2007. An rufe zoben 101 cikin 2002, gutsuren ƙarshe na ragaggen shirin kuma cikin Yuli 2008. In aka haɗa, abin da harajin 1985 ya gina bai kai mil 140 ba daga cikin 231.

Kafin in wuce, akwai zancen waɗanda ba su da mota. Abin da aka ware wa bas a harajin 1985 ɗan tsiraru ne. Cikin Maris 1989 aka kawo wani shiri mai suna ValTrans, na jirgin cikin gari mai tafiya a kan gada, mil 103, shi ma da rabin santi, jama'a suka yi watsi da shi. Finiks ta kai ƙarshen shekarun 1990 tana cikin manyan biranen Amurka amma kusan babu bas ranar Lahadi. Da gunduma ta gagara, sai garuruwa suka koma yin nasu. Tempe, garin jami'a, ta amince da rabin santi don bas cikin 1996. Finiks ta gwada cikin 1997 ta faɗi da ƙuri'a 122 kacal, ta sake gwadawa cikin Maris 2000 ta ci.

Wa'adin harajin gunduma yana gab da cika sai aka sake komawa akwatin zaɓe ranar 2 ga Nuwamba, 2004, da ƙuduri mai lamba 400. Wannan karon an koyi darasi. Aka raba kuɗin a cikin doka, kashi 56.2 na manyan hanyoyi, kashi 33.3 na bas da jirgin cikin gari, kashi 10.5 na manyan titunan unguwanni, aka hana ɗiban na wannan a cike giɓin wancan, aka kuma wajabta wa Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha ya sa a binciki aikin duk shekara biyar. Masu ƙin jirgi sun kashe kuɗi wajen yaƙi da ƙudurin, amma ya wuce da wajen kashi 58 cikin 100. Mutanen da aka cika wa kashi 60 kawai na alkawarin farko su ne suka sake sa hannu na wata shekara 20. An buɗe jirgin cikin gari ranar 27 ga Disamba, 2008, mil 20 daga Finiks ta Tempe zuwa Mesa, galibi da kuɗin garuruwan da na tarayya. A daidai lokacin kuma kasuwar gidaje ta sake rushewa, Finiks tana cikin biranen da abin ya fi yi wa illa, har cikin 2009 aka sake ɗage ayyukan hanya na sama da dala biliyan 6. Ciwon 1989 ne ya dawo, domin maganin bai canza ba.

Wa ke biyan wannan haraji? Masu tallarsa suna son su ce baƙi ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya, domin dubban mutane suna zuwa cin hunturu a Finiks, suna kwana a otal suna cin abinci suna hayar mota. Amma mafi yawansa daga 'yan gari yake fitowa, kuma nauyinsa ba daidai yake ba. Lebura yana kashe duk abin da ya samu, saboda haka kusan kowace dalarsa tana bi ta kanti. Attajiri yana kashe kaɗan ya ajiye saura, ajiya kuwa ba ta biyan harajin ciniki. An ɗan rage zafin abin da yake jiha ta cire kayan cefane daga harajinta tun 1980, na gunduma kuma yana bin sawun na jiha. Duk da haka, shekara 20 na farko matar da ke goge-goge a otal, wadda ba ta da ko keke, tana biyan kuɗin hanyar da ba za ta hau ba. A garin da ya yi kwana 31 a jere cikin 2023 zafi bai sauka ƙasa da digiri 43 da rana ba, kuma hukumar lafiyar gunduma ta ƙirga mutum 645 da zafi ya yi ajalinsu a shekarar, tsayuwar rabin awa a tashar bas marar rumfa ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma waɗanda suka biya da abin da ba kuɗi ba. A taswirar 1985 akwai hanyar da za ta zagaye Dutsen Kudu, dutsen da ya tokare birnin ta kudu. Al'ummar Kogin Gila, su ma 'yan asalin ƙasar, suna ɗaukar dutsen nan wuri mai tsarki. Cikin Fabrairu 2012 suka jefa tasu ƙuri'ar, suka zaɓi kada a yi hanyar sam. Jiha ta kauce wa iyakarsu da 'yan taku, ta bi ta gefen, ta fasa ƙugun dutsen. Suka kai ƙara tare da mazauna wata unguwa da ke kusa, kotuna suka ba jiha gaskiya. An buɗe hanyar, mil 22, cikin Disamba 2019, shekara 34 bayan an nuna ta a taswira. Yaron da aka haifa ranar ƙuri'ar farko ya isa ya kai nasa ɗan makaranta ta kanta.

Na san wani daga cikinmu zai ce, to me zai hana a yi haka a nan? Dokarmu ba ta tafi haka ba. Harajin ciniki da jihohi ke karɓa a ƙarƙashin dokar soja ta 1986 an maye gurbinsa da VAT ta doka mai lamba 102 ta 1993, aka fara karɓa cikin Janairu 1994 a kan kashi 5, ya koma 7.5 cikin Fabrairu 2020. Tarayya ke tarawa, a zuba a tukunya ɗaya, a raba a Abuja, saboda haka babu garin da zai ce ga nasa kason na titi kaza. Kuma harajin ciniki yana son rasit, mu kuwa galibin cinikinmu a baki yake ƙarewa. Abin da muka taɓa yi mai kama da asusun Marikofa shi ne PTF, wanda aka kafa da rarar ƙarin kuɗin mai na 1994, Janar Muhammadu Buhari ya shugabance shi, aka rushe shi cikin 1999. Da yawanmu mun ga tambarinsa a kan littattafai muna firamare, mun kuma ga allunansa a bakin hanya. Bambancin shi ne ba a tambayi kowa ba kafin a kafa shi, ba a kuma tambayi kowa ba kafin a rushe shi.

Mu koma Arizona. Sisin kwabon nan na gini ne, gyara da faci galibi suna kan asusun jiha, wanda ya dogara da harajin fetur da rajistar motoci. Harajin fetur na jihar santi 18 ne a galan tun 1991, kuma cikin 1992 masu zaɓe suka yi dokar cewa ba a ƙara wani haraji sai kashi biyu cikin uku na majalisa sun yarda, abin da ya daskarar da shi. Na tarayya ma yana kan santi 18.4 tun 1993. Watau kowane mil da gunduma ta gina, ƙarin baki ne a kan tukunyar da ba a ƙara mata tsaba ba. Hanyoyin kuma da kansu suna kiran jama'a. Inda zobe ya bi, gonakin auduga sun zama gidaje, ƙidayar 2020 ta sami mutum 4,420,568 a gundumar, har ta kai cikin 2021 aka shiga sake faɗaɗa hanya mai lamba 10 a kusa da filin jirgin sama. Zoben 303 da aka jingine a zamanin Symington an gina shi da harajin 2004, kuma a gefensa ne kamfanin TSMC na Taiwan ya zaɓi kafa masana'antarsa ta ƙwaƙwalwar kwamfuta cikin 2020.

Zagaye na uku ya fi sauran wuya, kuma a majalisa wuyar take. Marikofa ce kaɗai gunduma a jihar da doka ta ce sai ta nemi izinin majalisa kafin ta kai irin wannan haraji gaban jama'a. Majalisa ta ba da izini cikin 2022, Gwamna Doug Ducey ya hau kujerar na ƙi. Cikin 2023 'yan majalisa masu ƙin jirgi suka kawo nasu salon, sabuwar Gwamna Katie Hobbs ita ma ta ƙi sa hannu, duk da cewa mutanen Finiks sun riga sun ƙi wani yunƙuri na tsai da jirgin cikin Agusta 2019. Aka yi ta ciniki har aka daidaita a ƙarshen Yuli, a kan kashi 40.5 na manyan hanyoyi, 37 na bas da sauran sufurin jama'a, 22.5 na titunan unguwanni, da sharaɗin ba za a tsawaita layin jirgi da kuɗin ba. Ranar 5 ga Nuwamba, 2024 ƙuduri mai lamba 479 ya wuce da wajen kashi 60 cikin 100. Wa'adinsa daga Janairu 2026 ne zuwa ƙarshen 2045, kuma cikin ayyukan da ke kan sabuwar taswira akwai hanya mai lamba 30 ta kudu maso yammacin gundumar, wadda aka yi alkawarinta cikin 2004 aka ɗage ta cikin 2009.